Tsiron da ke kama ƙwari: zai rayu a Daura, kuma zai rage mana sauro?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da dashen itatuwa da fulawa ne a Daura, na daɗe a sana'ar. Kwanaki ƙanena ya nuna mini wani bidiyo a waya: wani ɗan tsiro mai jan gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa a kansa, ƙuda ya sauka, ganyen ya naɗe shi. An ce a bakin teku yake fitowa, inda ƙasa ba ta bushewa. Malam, gaskiya ne ko haɗin kwamfuta ne? In gaskiya ne, tsiro ne ko dabba? Kuma in na samo irinsa, zai yi a nan? Ina da taki mai kyau da rijiyar burtsatse, kuma na san in har yana cin sauro mutane za su saya."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a sana'a. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: gaskiyar abin da ka gani, ko zai rayu a ƙasarmu, da kuma ko zai zama maganin sauro har ka sa shi a kasuwa. Na farkon amsarsa e ce ba tare da shakka ba. Na biyun yana yiwuwa, amma da wahala mai yawa. Na ukun kuwa a'a, kuma gara in faɗa maka tun yanzu kafin ka kashe kuɗinka. Ina koyar da ilimin tsirrai a nan Katsina, kuma na reni wannan tsiro da hannuna, don haka zan haɗa maka abin da ke rubuce da abin da idona ya gani.

Abin da ka gani a bidiyon

Masana suna kiran dangin wannan tsiro Drosera, daga kalmar Girkanci mai nufin raɓa. Sunan da Turawa suka ba shi ma'anarsa raɓar rana, domin raɓar gaskiya tana bushewa da hantsi ya yi, shi kuwa ɗigon da ke kan gashinsa sai ƙara ƙyalli yake yi da tsakar rana. Ni ma haka nake kiransa a aji, raɓar-rana. Dangin babba ne, ire-irensa sun haura 190, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. Kusan rabinsu a Ostareliya suke. Daga yadda ka kwatanta, doguwar ganye mai naɗewa kamar tabarma, na fi zaton Drosera capensis ka gani, ɗan asalin yankin Kef da ke kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, inda yake fitowa a dausayi da bakin ƙoramu da wuraren da ruwa ke tsattsafowa daga duwatsu. Shi ne aka fi renawa a duniya, shi ne kuma ya fi yawa a bidiyoyin. Akwai wani ɗan'uwansa mai ganye kamar zare, Drosera filiformis, da ke fitowa a jiƙaƙƙen yashin gaɓar tekun Atilantika ta gabashin Amurka da wani ɓangare na Kanada.

Abu ɗaya ne bidiyon ya ɓoye maka, wato lokaci. An gudanar da hoton da sauri. Abin da ka gani cikin daƙiƙa goma, a zahiri yakan ɗauki rabin awa ko fiye. Kuma tsiron ƙarami ne sosai. Bakin ganyen da ke ɗauke da gashin tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 4 ne, faɗinsa kamar rabin santimita. Tukunyar da kake dasa fulawa ɗaya a ciki za ta ɗauki guda biyar.

Ga yadda kamun yake. Kowane jan gashi yana da ɗan ƙululu a kansa mai fitar da ruwa mai yauƙi da danƙo. Ka tuna yauƙin kuɓewa ko na karkashi, ka ƙara masa kamu irin na danƙon da yara ke ɗana wa tsuntsu. Ƙwaro ya sauka, ƙafa ɗaya ta manne. Ya yi yunƙurin cirewa, fiffike ya taɓa wani gashin. Wannan mutsu-mutsun da yake yi shi ne ke tada tsiron: gashin da aka taɓa yana aika wani ɗan saƙo na lantarki zuwa gindinsa, sai ya fara lanƙwasowa, na kusa da shi su biyo, daga baya ganyen kansa ya naɗo. Ƙwaro ba ta hanci yake numfashi ba, ta wasu ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinsa, to yauƙin nan yana toshe su, ya mutu cikin 'yan mintuna. Daga nan ƙululun su fara zubo sinadaran narkarwa, masu aiki irin na ruwan cikinmu, su narke naman cikin ƙwaron, ganyen ya tsotse. Bayan 'yan kwanaki ya buɗe, sai busasshen ɓawo, iska ta ɗauke.

Ranar da na fara nuna wa ɗalibaina, na sa ƙwayar yashi a kan ganye ɗaya, na sa ɗan gutsuren farin dafaffen ƙwai, bai kai kan allura ba, a kan wani. Na yashin, gashi biyu-uku suka ɗan sunkuyo, kafin washegari sun miƙe abinsu. Na ƙwan kuwa, kafin a tashi aji gashin sun taru a kansa kamar yatsu sun dunƙule loma, da safe muka tarar ganyen ya naɗe, gutsuren ya fara zama ruwa-ruwa. Wata ɗaliba ta riƙe gilashin ƙara girma ta ƙi ba kowa, tana ta cewa Allah buwayi. Gwajin ba nawa ba ne. Masanin halittu Charles Darwin ya fara lura da wani iri na wannan tsiro a Ingila a 1860, ya shafe shekaru yana ɗora masa nama da madara da ƙwai da gutsuren gilashi, ya fitar da littafi a kan tsirrai masu cin ƙwari a 1875. Ɗansa Francis ya nuna a 1878 cewa waɗanda aka ciyar sun fi waɗanda aka hana yawan iri.

Tsiro ne, kuma ƙwaro takinsa ne

Ba dabba ba ne ko kusa. Yana da saiwa da ganye da fure da iri, ba shi da baki, ba shi da ƙwaƙwalwa. Abincinsa na ainihi, wanda ke ba shi ƙarfi, daga hasken rana da iska da ruwa yake haɗa shi, daidai da gero da dawa. Abin da yake nema a jikin ƙwaro shi ne naitirojin da fosfaros, wato abin da kai kake sayowa a buhun yuriya da kamfa. Ƙwaro ba tuwonsa ba ne, takinsa ne. In ka riƙe wannan magana, duk sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

To me ya sa bai ɗauki takin daga ƙasa ba kamar kowa? Saboda babu shi a inda yake zaune. Ƙasar yankin Kef yashi ce da ta samu daga tsofaffin duwatsu marasa albarka, ruwa ya daɗe yana wanke ta. Haka yashin gaɓar gabashin Amurka. Sannan ƙasar da ruwa ya kwanta a cikinta kullum ba ta samun iska, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da gawar dabbobi ba sa iya aiki sosai, ƙasar ta yi tsami, abin da ya mutu ya taru bai zama taki ba. Ka san yadda juji yake: in ya jiƙe ya sha iska yana ruɓewa da kyau, in kuwa ruwa ya shanye shi sai ya yi ta wari ba ya nuna. Ruwa ga shi, rana ga ta, amma abin gina jiki babu. A irin wannan wuri ne Allah ya hore wa raɓar-rana wata hanya.

Mu ma muna da tsirran da suka bi wata hanyar daban. Wake da gyaɗa da gawo sun ƙulla zumunci da wasu ƙananan halittu a saiwarsu, masu jawo musu naitirojin daga iska, shi ya sa gonar da ke ƙarƙashin gawo take yin kyau. Ƙuduji ya zaɓi sata, ya maƙale a saiwar dawa da gero. Kauci ya hau reshen itace yana sha. Raɓar-rana ya zama maharbi. Kuma farautar tana da tsada: ganyen da aka mayar tarko ba ya haɗa abinci da rana kamar ganye mai faɗi, ga yauƙin da ake ta zubarwa yana cin ruwa. Shi ya sa cinikin ba ya biya sai inda rana take da yawa, ruwa bai yankewa, ƙasa kuma matalauciya ce har sauran tsirrai sun kasa cika wurin.

Na san abin da zai zo maka a rai shi ne fadama, tunda ita ma jiƙaƙƙiya ce. Fadamarmu ta fi ƙarfinsa. Ambaliya tana kawo mata laka kowace damina, shanu suna zuba mata kashi, tana kuma bushewa ta sha iska. Ka dasa shi a can, ko gishirin ƙasar bai kashe shi ba, ciyawa za ta rufe shi cikin mako uku.

Takinka da burtsatsenka

Nan ne nake so ka tsaya da kyau, Malam, domin abu biyun da ka lissafa a matsayin jarinka su ne za su fara kashe shi. Saiwarsa 'yar kaɗan ce, kuma ta saba da ruwan da kusan babu komai a narke cikinsa. Ka taɓa ganin yadda yuriya ke ƙone dashe in ta yi yawa a gindinsa? Gishirin ne ke janye ruwa daga saiwa maimakon saiwa ta sha. A wurin raɓar-rana, abin da tumatir zai ɗauka a matsayin ɗan ƙwalama ya isa ya ƙone shi.

Ni ta ruwa na fara asara. Na samu iri ta hannun wani abokin aiki da ya yi karatu a Afirka ta Kudu, na shuka, suka tsiro lafiya, ina ba su ruwan burtsatsen gidana wanda muke sha ba ya cutar da kowa. Makonni kaɗan, sai na ga wani farin gari-gari a saman ƙasar da bakin tukunya, kamar kanwa. Ɗigon da ke kan gashin ya ɗauke, ganye suka yi baƙi daga baki, duk suka tafi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da ma'adanai, a zafinmu kuma ruwan yana tashi ya bar su a tukunya, kullum suna ƙaruwa. Tafasawa ba ta magani, ƙara kaurin gishirin take yi. Masu renon wannan tsiro suna auna ruwa da wata 'yar na'ura mai kama da biro, irin wadda masu kamfanin fiya wata ke amfani da ita, kuma ƙa'idarsu ita ce lambar kada ta wuce 50.

Ruwan da ya dace shi ne na sama. Ka bari ruwan farkon damina ya wanke ƙurar kwano tukuna, ka tari na Agusta a tsabtatacciyar durom ta roba, ka rufe. Ka tuna ranin namu wata bakwai zuwa takwas ne, dole abin da ka tara ya kai ka. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi, da shi na ƙarasa rani ɗaya. Ana sayar da tataccen ruwa na zuba wa batir, shi ma yana yi, amma ka yi hattara ƙwarai kada a ba ka mai asid a madadinsa.

Ƙasar shukar ma ba irin taka ba ce. A ƙasashen waje suna haɗa rabi yashi, rabi wata baƙar ƙasa mai tsami da ke samuwa daga gansakukar dausayi da ta shekara aru-aru a ƙarƙashin ruwa. Ba mu da ita a nan. Na yi amfani da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, amma sai da na jiƙa shi a ruwan sama na sauya ruwan sau da yawa, domin yakan zo da gishiri. Yashin ma na wanke shi har ruwan ya fito garau. Babu kashin shanu, babu na kaji, babu toka, babu ƙasar juji. Tukunyar ta zama ta roba, a zaunar da ita cikin faranti mai ruwa kamar kaurin yatsa biyu, kada ya taɓa ƙafewa. Irin kamar ƙura yake, barbaɗa shi ake yi a sama ba a binnewa, yana tsirowa cikin mako biyu zuwa huɗu.

Hunturu da bazara

Ko ka gyara ruwa da ƙasa, saura yanayi, kuma shi ne babban abokin gaba. A birnin Kef Tawun, da ke yankinsa na asali, ruwan sama a lokacin sanyinsu yake sauka, daga wajen Mayu zuwa Agusta, kuma matsakaicin zafin rana ko a watannin zafinsu bai kai digiri 30 ba. Mu kuwa Afrilu tana kai mu digiri 40 har ta wuce, dare ma ba ya hucewa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, sanyin hunturu ya yi masa daɗi. Shuka ta biyu da na yi a ƙarshen Oktoba ta yi kyau a Disamba da Janairu, gashin ya yi ja wur. Matsalar hunturu bushewar iska ce da ƙura. Iskar tana shanye ɗigon, ƙurar kuma tana manne wa gashin har tarkon ya zama kamar an barbaɗa masa gari, ba ya kama komai. Na yi masa ɗan ɗaki da farar leda, na bar ƙofa a sama don iska, ya farfaɗo. Amma wannan ledar da ta cece shi a Janairu ita ta dafa shi a Afrilu. Yini ɗaya na yi tafiya, na dawo na tarar sun kwanta kamar an zuba musu ruwan zafi.

A karo na uku ne na tsallake bazara, da dabarar tukunya cikin tukunya, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya. Na sa tukunyar robar cikin kwanon roba marar huda, na zaunar da kwanon cikin babbar tukunyar ƙasa, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yashin waje ko ruwan burtsatse aka zuba masa babu laifi, tunda ba ya isa ga saiwa. Rana ta safe kawai nake bari ta same su, kafin ƙarfe 11 suna inuwa. Biyu suka rayu, sun rame, sun daina ɗigo, amma da ruwa ya sauka suka dawo, ɗaya har ya fitar da dogon kara mai furanni ruwan hoda, kowane fure ya buɗe yini ɗaya ya rufe. Kada ka kai shi inuwa gaba ɗaya don tsoron zafi. In babu haske sosai yana komawa kore, ɗigon ya ɗauke. Gwajina dai iri ɗaya ne, a gida ɗaya, cikin 'yan shekaru, da kulawar kullum. Ya isa in ce maka yana yiwuwa, bai isa in ce maka zai zama haja ba. Wanda ya saya a wurinka zai kai gida ya ba shi ruwan famfo, bayan wata ɗaya ya dawo yana ganin ka cuce shi. Na Amurka mai ganyen zare kuwa kada ma ka nema, yawancinsa sai ya yi barcin sanyi mai tsanani kowace shekara.

Batun sauro

Yana kama sauro in sauron ya sauka a kansa, na gani. Amma macen sauro, wadda ita ce mai cizo, numfashin mutum da ɗumin jikinsa da warin zufarsa take bi, ba ƙyallin ganye ba. Abin da nawa suka fi kamawa su ne ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin fitila. Babban ƙudan gida sau da yawa yana fizgewa ya tafi. Kowane ganye kuma in ya kama ɗaya sai ya yi kwanaki yana narkarwa. Abin da ya fi damuna shi ne farantin ruwan da tsiron ke zaune a ciki: ruwa ne mai tsabta a kwance, wurin da sauro ke so ya yi ƙwai. In ba a kula ba, sai tukunyar ta haifi sauro fiye da wanda ta ci. Ina roƙonka don Allah kada ka sayar wa kowa da sunan maganin sauro. Uwa za ta iya ajiye shi a ɗaki ta sassauta da gidan sauro mai magani, yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da zan ba ka shawara

In sha'awa ce da son sani, ka gwada tukunya ɗaya ko biyu. Shigo da iri ko dashe daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS, ka bi ta nan. Dokar tana da dalili: Drosera capensis ɗin yana barbarar kansa, yana zubar da iri barkatai, har Niyu Zilan ta sa shi cikin jerin tsirran da aka hana sayarwa. Masu sayensa na gaskiya a wurinka malaman kimiyya ne na makarantun sakandare, waɗanda za su iya koyon renonsa, domin darasin da yaro ya gani da idonsa ba ya mantawa.

Amma ni da zan sake farawa, da na gida zan fara. Afirka ta Yamma, har da Najeriya, tana da nata raɓar-ranar. Akwai Drosera madagascariensis a dausayi, akwai kuma Drosera indica, wanda rayuwarsa irin ta ciyawar daminarmu ce: ya tsiro da ruwa, ya kama ƙwarinsa, ya zubar da iri, ya mutu, irin ya jira wata damina a cikin ƙasa. Wannan bai san wahalar Afrilu ba, domin a lokacin yana kwance a matsayin iri. Ana nemansa a jiƙaƙƙen yashi marar ciyawa mai yawa, musamman inda ruwa ke tsattsafowa a gindin fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. In Allah ya sa ka gamu da shi, kada ka tuge. Ka jira furen ya bushe ka karkaɗe ɗan iri a takarda.

Akwai ma wanda ya fi kusa da kai. A kududdufai da tafkunan da ke cika da damina akwai wani tsiro marar saiwa da ake kira Utricularia, yana shawagi a ƙarƙashin ruwa kamar koren gashi, sai ɗan furensa, galibi ruwan ɗorawa, ya leƙo sama. A jikin zarensa akwai 'yan jakunkuna kamar ƙwayar gero, kowace da murfi. Ƙaramar halittar ruwa ta taɓa gashin bakin, murfin ya buɗe, ruwa ya zuƙe ta ciki kafin ƙiftawar ido. Na sha ciro shi ina nuna wa ɗalibai. In Satumba ta yi, ka ɗauki farin kwano ka je bakin tafki da safe, ka ɗebo wannan koren gashin da ruwansa, ka ɗaga shi a haske. Jakunkunan da ka ga sun yi fari-fari ba su ci komai ba tukuna, waɗanda suka yi baƙi kuwa akwai abin da suka haɗiye.